Jinin da Na Gani Na Yi Shiru

Kusfa, Birnin Zariya.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da yara. Allah Ya sa kun isa Fatakwal lafiya, Ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoron Allah a wannan sabon wurin da aka mayar da kai. Na ba matarka takardar, na ce kada ta miƙa maka sai kun sauka kun huta, domin na san in ka karanta ta a gidan nan, ni da kai ba za mu iya haɗa ido ba.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ne ɗan fari, kuma tun da na haife ka ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba. Haka muka taso muka tarar. In ina son ka ci abinci, wani nake aikawa ya ce maka an sauke. In ka yi abin kirki, a bayan idonka nake yabawa. To wannan maganar ma na aika maka da ita ta bakin Rukayya, ta dawo ta ce dariya ka yi, ka ce, "Mutumin da ke cinye malmala uku, wane ciwon hanji zai kama shi?" Da ta faɗa mini, sai da na zauna a bakin rijiya. Muryar mahaifinka na ji sak. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san ciwon daji na hanji ne ya yi ajalin Malam. Ka yi jinyarsa, ka kwana a asibiti, kai ka shiga kabari ka karɓe shi. Amma akwai abin da ya faru kafin nan wanda ba ka sani ba, kuma shi nake so ka sani, ko Allah Zai sa ka tsallake ramin da muka faɗa.

Tun Malam yana da lafiyarsa, yana zama a zaure yana ɗinkin babbar riga daga hantsi har la'asar, ni kuma ina zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu duk wata saboda hawan jini. Akwai wata ma'aikaciya a can, Malama Ladidi, doguwa mai yawan fara'a, ita ke auna ni. Wata rana ta gama awon, tana kwance abin daga hannuna, sai ta ce, "Hajiya, shekarunki sun kai hamsin?"

Na ce, "Sun kai, ko suna dab da kaiwa."

"Maigidan fa?"

"Ai ya girme ni."

Sai ta jawo wasu 'yan kwalabe guda biyu na roba, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba, ta ɗora mini a tafin hannu. Ta ce likitoci ne daga babban asibiti suka kawo, ana ba waɗanda suka manyanta. Mutum zai ɗan lakuto bayan gidansa da tsinken da ke jikin murfin, ya rufe, ya dawo da ita a duba ko akwai jinin da ido ba ya gani.

Na ce, "Malama, mu fa lafiyarmu lau. Ni jinina ne kawai ke hawa."

Ta ce, "Ai masu lafiya ake yi wa, Hajiya. Wannan ciwon ba ya sallama. Yana iya shekaru a ciki yana girma, mutum na ci yana sha. In aka gan shi tun yana ɗan tsiro, cire shi ake yi a huta. Ɗaya taki, ɗaya ta Malam."

Na ƙulle su a bakin mayafi na taho. Tun daga ƙofar asibitin har lungunmu ina ta shirya yadda zan faɗa masa. Na shigo zaure na same shi ya sunkuya a kan wata farar shadda, yana fitar da aska takwas a ƙirjinta, tabarau a kan hanci, zare a baki. Ya ɗago ya ce, "An dawo? Ya jinin?" Na ce, "Da sauƙi." Na wuce. Abba, ta yaya zan dubi mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, in ce masa ya kawo bayan gidansa a kwalba? Na ce sai bayan ya ci abinci. Da ya ci, na ce sai gobe. Na jefa su cikin kwalla a ƙarƙashin zannuwa, goben ba ta zo ba.

Da wata ya zagayo Malama Ladidi ta tambaye ni, na ce Malam ya yi tafiya. Wani watan ta sake tambaya, na ce na manta. Daga nan sai na fara jin nauyin ganinta, na daina zuwa gaba ɗaya, na koma sayen ƙwayar hawan jinin a kyamis. Ka ga wauta. Na guje wa mace ɗaya tilo da ta damu da abin da ke cikinmu, don kawai tambayarta tana sa ni sunkuyar da kai.

Saboda haka ka ji na farko. In wani ya yi maka tambayar da ta sa ka jin kunya game da jikinka, kada ka sake hanya don ka kauce masa. Mai ƙaunarka ne. Kuma kada ka ce sai ka ji ciwo za ka je. Ni ma na ɗauka asibiti wurin marasa lafiya ne kawai, ashe akwai abin da mai lafiya ke zuwa nema, kamar yadda ake duba rufin soro a yi masa yaɓe tun rani, ba a jira sai ruwa ya zubo a kan gado.

An yi damina, an sake wata. Wata safiya ina wanki a tsakar gida, na ɗauko wandon Malam, sai na ga jini. Ba mai yawa ba. Na tsaya ina dubansa, maganar Malama Ladidi ta dawo mini. Ka san abin da na yi? Na ƙara sabulu na cuɗe shi da ƙarfi har ya fita, na shanya. Na ce wa kaina basir ne. Wane maɗinki ne a birnin nan ba shi da basir? Mutanen da ke wuni a zaune a kan tabarma. Na aika kasuwa aka sayo mini sassaƙe a wurin mai maganin gargajiya, na dafa, na tace, na ajiye masa a kofi kusa da abincinsa. Ya ɗauka ya sansana, ya dube ni, ya shanye. Bai tambaye ni na mene ne ba, ni ma ban ce ba. Haka muka yi ta yi.

Wani lokaci jinin ya ɗauke, in yi hamdala in ce magani ya karɓe shi. Sai ya dawo. Na lura yana daɗewa a banɗaki, yau gudawa, gobe cikin ya ɗaure. Na lura tuwon da nake zuba masa yana dawowa da saura. Mazagin wandonsa yana ƙara tsawo. Ya ɗinka kaɗan sai ya jingina da bango ya rufe ido, shi da a da sai an yi kiran salla yake ajiye allura. Duk na gani. Babu wanda ya kai ni gani, tunda ni ke wanki, ni ke girki. Kai kanka ka taɓa tsayawa a ƙofar ɗakina ka ce, "Inna, kamar Baba yana ramewa." Na ce maka, "Aiki ne, Salla ta matso."

Ban hana ka shan maganin gargajiya ba, da shi aka raine ku. Amma kada ka raɗa wa ciwonka suna da kanka. Mu muka ce basir ne, ba wanda ya duba ya ce mana haka. Mun zaɓi sunan da ya fi sauƙin ɗauka, muka yi ta yi masa magani, ainihin abin yana can yana cin gabansa. In ka ga jini, ko ɗigo ne, ko ka ga bayan gidanka ya sauya ya ƙi komawa yadda yake, ko kana ramewa ba dalili, ka je a duba. In basir ɗin ne, to, ka ji daga bakin wanda ya gani.

Sauran ka sani. Ranar da cikinsa ya kumbura ya kasa tsayuwar sallar azahar, kai ka nemo keke napep, kuka tallabe shi har bakin titi don lungun ya yi masa ƙunci. Ka san aikin da aka yi masa, da abin da likita ya gaya muku, cewa ciwon ya riga ya kai hanta. Abin da ba ka sani ba shi ne maganar da muka yi ni da shi, wata la'asar da ka fita sayo magani.

Yana kwance, ina yi masa fifita. Na ce, "Malam, ina neman gafararka." Ya ce, "Ta me?" Na ba shi labarin kwalaben nan, da wankin, duka. Ina magana ina kallon ƙasa. Da na gama, ya juyo da fuskarsa wajena. Can sai ya ce, "Ni ma ai na riga ki gani. Tun kafin ya fara ɓata tufafi nake ganinsa."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Abin da ya hana ki."

Sai ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta da ƙarfi, ya ce, "Kin ga mu. Mun yi shekara da shekaru a ɗaki ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya." Na ce da na ba shi kwalbar fa? Ya ce, "Wataƙila da na yi miki faɗa. Wataƙila kuma bayan faɗan da na je. Allah ne Masani. Ajali ba ya wuce lokacinsa, kada ki ɗora wa kanki. Amma an umarce mu da neman magani, mu kuwa ba mu nema inda yake ba. Yaran nan kada su yi irin tamu."

Ban sani ba ko kwalbar nan da ta cece shi. Na tambayi likitan, ya ce ba zai iya rantsuwa ba, amma irin wannan ciwon yakan daɗe yana tsiro kafin ya yi ƙarfi, kuma wanda aka kama da wuri yana da kyakkyawan zato. Wannan "wataƙila" ita nake kwana da ita, ita nake tashi da ita. Na yarda da ƙaddara, Abba, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma kewa daban ce. Har yau in na ji masu bugu sun fara buga shadda da safe, sai in ji kamar zan leƙa zaure in gan shi yana zura zare. Rigar ƙarshe da ya fara tana nan, rabin wuyan ba a gama ba. Abokan sana'arsa sun ce in kawo su ƙarasa, na ce su bar ta. Wani lokaci in na dafa miyar kuka ta yi daɗi, sai in rasa wanda zan zuba wa ido in ga ya gyaɗa kai.

Ga abin da nake so ka ɗauka a nan. Kunya ado ce, ban ce ka yar da ita ba. Amma tsakaninka da matarka, kada ta kai ga jiki. Rukayya yarinya ce mai ido, kuma ta fi ni baki, alhamdu lillahi. In ta ce maka ta ga wani abu, kada ka yi mata tsawa, kada kuma ka mayar da ita abin dariya. In ka yi haka sau ɗaya, ta koyi yin shiru, kuma shirun mace a kan irin wannan ba alheri ba ne. Ni shaida ce.

Za ka ɗauka bayan duk wannan na yi hankali. Ina! Bayan na fita takaba, likitan nan ya aiko a gaya mini in je a duba ni, tunda shekaruna sun kai. Na ƙi. Wannan karon ba kunya ba ce, tsoro ne. Na ga abin da Malam ya sha, na ce in ma akwai, gara kada in sani. Kullum ina faɗa wa kaina cewa abin da ban sani ba ba zai hana ni barci ba, alhali kuwa yana hana ni.

Matarka ce ta karya ni. Wata rana muna tsince shinkafa, ta ce, "Inna, in kin tafi ke ma, wa zai yi wa Ummi kitso ranar aurenta?" Ummi 'yarku a lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Na ce mata ta daina zancen banza. Washegari sai ga ta da mayafinta a ƙofar ɗakina, ta ce ta tsayar da mai keke. Muka je sha-ka-tafi. Malama Ladidi na nan. Na yi zaton za ta yi mini gori, sai ta kama hannuna biyu ta yi mini ta'aziyya, ta ɗauko kwalba ɗaya ta ba ni.

Aka ga jini a nawa. Ni da ba na jin komai, ina ci ina sha ina zuwa islamiyya. Aka tura ni babban asibiti a leƙa hanjin. Ka tuna lokacin da aka ce maka na je Tudun Wada wurin ƙanwata na kwana biyu? To, asibitin na je. Bari in gaya maka yadda ake yi, don na san rabin tsoron mutum rashin sani ne. Ana hana ka abinci mai nauyi, a ba ka wani ruwa ka sha da yawa. Ba shi da daɗi, kuma ranar kai da banɗaki kun zama aminai, wannan ba zan ɓoye maka ba. Shi ne ma mafi wahala. Washegari a ba ka riga, a lulluɓe ka, ba a barin tsiraicinka a buɗe. A yi maka allura jikinka ya mutu, sai su zura wata siririyar na'ura mai ido. Ni dai na ji ana magana sama-sama, sai na ji Rukayya tana cewa, "Inna, an gama." Likita ya ce ya sami ɗan tsiro guda ya cire, an kai an duba, bai riga ya zama ciwon ba, amma irin wanda in an bar shi yakan iya zama ne. Ya ce in riƙa dawowa lokacin da suka sa mini. Na dawo gida da ƙafata, na ɗora tukunya.

A hanyar dawowa na yi kuka a cikin keke har mai keken ya waiwayo. Rukayya ta ɗauka murna ce. Ba murna ba ce kaɗai. Tunani nake, ashe abin bai fi haka ba.

Sai kuma na sake yin wani kuskuren, wanda sai kwanan nan na gane shi. Na sa Rukayya ta yi mini alkawarin ba za ta gaya maka ba, don ina jin nauyin ɗan fari ya san an yi mini irin wannan binciken. Da haka na bar ka ba ka san komai game da ciwon nan ba sai gadon asibiti da makara. Ka ga wanda ya makara, ban nuna maka wadda aka kama da wuri ba, alhali tana gabanka kullum tana yi maka dambu. To yanzu ka sani. Kai ma in 'ya'yanka sun girma, kada ka ɓoye musu abin da ke cikin jininsu. Ba tonon asiri ba ne, gado ne, kuma suna da haƙƙi a kansa.

Likitan Malam ya ja ni gefe tun muna asibiti ya ce, tunda ciwon ya kama mahaifinku bai cika sittin ba, ku 'ya'yansa kada ku jira shekarun da sauran mutane ke jira. Ya ce da kun kai arba'in ku je, kuma a wurinku leƙa hanjin ya fi gwajin kwalba. Kai ka cika arba'in bayan babbar Salla. Na fi kowa sani, ni na yi naƙudar. Ƙannenka na nan kusa, su zan iya binsu da baki. Kai ne ka yi nisa. Can ba wanda ya san mahaifinka, ba wanda zai dube ka ya ce kamar ka rame. Za ka shiga aiki, yau gobe, yau gobe, kamar yadda na yi.

Abin da nake roƙonka ke nan. Da kun gama shirya kaya, ka nemi asibitin da ma'aikatarku ke zuwa. Ka zauna gaban likita ka ce masa, "Mahaifina ya rasu da ciwon dajin hanji kafin ya kai sittin, ni kuma shekarata arba'in." Ko bai tambaye ka ba, kai ka faɗa. Abin da ya ce ka yi, ka yi. In an sa maka rana, kada ka ɗaga ta saboda aiki, aikin ba ya ƙarewa. In ka ji tsoro, ba laifi, ka je da tsoron naka. Kuma ka rage tsiren nan na kullum, ka riƙa cin ganye da wake, ka riƙa taka ƙasa, kada kujerar ofis ta zame maka tabarmar zaure.

Gidan nan zai yi mini faɗi. Tun da kuka fara ɗaure kaya nake lura da abubuwan da ban taɓa kulawa da su ba. Ƙarar babur ɗinka in ka karyo kwanar masallaci. Gyaran muryar da kake yi kafin ka yi sallama. Ummi da ke shigowa ɗakina da sassafe ta ce a ba ta ƙanzo. Ban hana ka tafiya ba, neman halal ne, kuma na sa maka albarka. Nisa ba komai ba ne, wanda ya tafi Fatakwal yana dawowa da Salla. Tafiyar da ba a dawowa ce ba na so a yi gaggawarta.

Malam ya tafi furfura ta fara fito masa ke nan a gefen gemu. Ban ga tsufansa ba, kuma na so in gani. Kai ka ɗauko fuskarsa, har yadda kake tattare goshi in kana tunani. Ina so in Allah Ya ara mini kwana, wata rana ka shigo gidan nan gemunka fari fat, ka durƙusa da ƙyar kana cewa gwiwa ta dame ka, in dube ka ta gefen ido in ga yadda da zai kasance. Wannan kaɗai nake nema a wurinka. Kafin wannan ban taɓa roƙonka komai ba.

Allah Ya tsare ka gaba da baya, dama da hagu. Ya tsare cikinka da wajenka. Ya ba ka lafiya mai amfani da nisan kwana mai albarka, Ya raya maka zuriya, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada mu da shi a gidan da babu ciwo. Ka gaishe da Rukayya, ka shafa mini kan yara.

Wassalam.

Mahaifiyarka.